Duwatsun Castlerigg: su wa suka kafa su, kuma me ya kai su tsakiyar tsaunuka?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aikin jinya a Carlisle, arewacin Ingila. Ranar hutu abokan aikina suka ɗauke ni zuwa Castlerigg kusa da Keswick, wai za su nuna mini abin tarihi. Gaskiya da muka isa sai gwiwata ta yi sanyi: duwatsu ne kawai sun yi zobe a cikin makiyaya, wasu ko ƙuguna ba su kai ba, ga tumaki na kiwo a tsakaninsu. Wata ta ce bokayen Druid ne suka kafa su, wani ya ce kalanda ce. Su wa suka kafa su, don me, kuma me ya sa sai a can cikin tsaunuka? Ya cancanci in koma da yarana, ko dai abin jan masu yawon buɗe ido ne kawai?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki, kina so a raba miki gaskiya da tatsuniya a kan waɗannan duwatsu, sannan a faɗa miki ko akwai abin gani da ya wuce wanda kika gani. Akwai. Sanyin gwiwar nan kuma ba a kanki aka fara shi ba. Fannina binciken kufai da kayan mutanen da, na kuma sha kai ɗalibai wannan fili, da wuya a sauka daga mota ba a samu mai cewa "shi ke nan?" ba. Duk wanda ya zo da hoton Stonehenge, shahararren zoben manyan duwatsu na kudancin Ingila, a ransa haka zai ce. Abin da nake yi musu ɗaya ne: in kai su tsakiyar zoben, in ce su daina kallon duwatsun, su ɗaga kai su juya a hankali. Skiddaw da Blencathra a arewa, jerin tsaunukan Helvellyn a kudu maso gabas, tsaunukan da ke bayan tafkin Derwentwater a yamma, kowanne da kwarin da ya ɓullo ta gefensa. Sai mutum ya ga ashe zobe biyu ne, ƙarami na mutane a cikin babba na tsaunuka. A ganina duk wata amsa mai ma'ana daga nan take farawa.

Abin da ke ƙasa

Castlerigg na kan wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, kimanin kilomita biyu da rabi gabas da Keswick. Faɗin zoben ya kai mita 30, bai kuma cika da'ira sosai ba, ya ɗan baje ta gefe guda. Duwatsun 38 ne a lissafin da aka fi amfani da shi, ko da yake za ki ji wasu na cewa 40, don akwai ƙanana da ake gardamar ko na asali ne ko waɗanda aka tokare manyan da su ne suka fito fili. Mafi tsawo ya kai mita 2.3, mafi nauyi ana ƙiyasta shi da tan 16. Ta arewa akwai giɓi mai faɗin sama da mita uku tsakanin manyan duwatsu biyu, wannan ita ce ƙofa. A ciki kuma, ta gabas, akwai wasu duwatsu goma da aka jera kamar ɗan ɗaki mai kusurwa huɗu, abin da ba kasafai ake samun irinsa a wasu zobban ba.

Ba daga nesa aka ɗauko duwatsun ba, ba a kuma sassaƙa su ba. Ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin ce ta turo su ta yar a nan kusa, mutane suka zaɓa, suka ja, suka haƙa rami suka tsayar. Kada ki raina aikin. Jan dutse mai tan goma sha wani abu da igiyar fata ko ta ɓawon itace, ba ƙarfe ba keke, aikin gayya ne na mutane da yawa, kuma sai an ciyar da su.

Shekarun da ake ba shi kimanin 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato shekara dubu biyar ke nan. Idan lissafin ya tabbata, ya girmi babbar dalar Giza ta Masar da wajen ƙarni huɗu, ya kuma girmi manyan duwatsun Stonehenge, waɗanda aka tsayar wajen 2500. Sai dai ki riƙe wannan: ba gwajin kabon, wanda ake gano shekarun gawayi ko ƙashi da shi, ne ya ba da adadin ba. Kwatance ne da wasu wurare masu irin fasalinsa. Tonon da aka sani an yi a wurin shi ne na 1882, lokacin da wani mai suna W. K. Dover ya haƙa cikin ɗan ɗakin nan, bai samu komai ba sai gawayi, a zamanin kuwa ba a san gawayi zai iya faɗin shekaru ba. Shekara guda bayan haka wurin ya shiga sahun farko na wuraren tarihin da doka ta kare a Birtaniya, a 1913 kuma aka yi karo-karo, bisa jagorancin wani limamin coci, Hardwicke Rawnsley, aka sayi filin aka damƙa wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. Kariyar ta cece shi, ita ce kuma ta sa ba a barin kowa ya sa masa shebur.

Su wa ke nan? Manoma ne da makiyaya na ƙarshen zamanin dutse, masu shanu da tumaki da aladu, masu noman alkama da sha'ir, masu ginin tukwane. Ba su bar rubutu ba, don haka sunan da suke kiran kansu da harshensu sun tafi tare da su.

Druid da kalanda

Batun Druid ki ajiye shi gefe. Su malaman addinin mutanen Birtaniya da Faransa ne na zamanin ƙarfe, waɗanda Rumawa irin su Julius Caesar suka ba da labarinsu. Tsakaninsu da masu kafa Castlerigg akwai fiye da shekara dubu biyu, tazarar da ta fi wadda ke tsakaninmu da Hijira nesa ba kusa ba. Wanda ya yaɗa wannan magana shi ne William Stukeley, wanda ya ziyarci Castlerigg a 1725. Mutum ne mai lura, zane-zanensa har yau muna amfani da su, amma a zamaninsa ba a san wasu tsoffin mutanen ƙasar da suka wuce Druid ba, sai ya jingina musu komai. Magana ta bi baki har ta zama kamar gaskiya.

Batun kalanda ya fi wannan ƙarfi, amma yana bukatar gishiri daidai. Wani injiniya, Alexander Thom, ya auna ɗaruruwan zobba a tsakiyar ƙarni na ashirin, ya ce an jera su ne don bin fitowa da faɗuwar rana da wata, ya kuma ba Castlerigg muhimmanci. Ni ba masanin taurari ba ne, lissafinsa na bar wa masu shi. Abin da zan iya cewa daga nawa ɓangaren shi ne: in kina da duwatsu kusan arba'in da ƙololuwar tsauni ta kowace fuska, duk layin da kika ja sai ya faɗa kan wani abu. Na taɓa raba ɗalibai gida biyu na ce kowane rukuni ya nemo mini layin da ya nufi wani tsauni. Cikin rabin awa kowa ya dawo da nasa, kowa kuma ya rantse nasa ne maginan suka nufa.

Inda na yarda ba tare da ja ba shi ne Long Meg, wani zoben duwatsu can gabas a kwarin Eden kusa da Penrith. Nan dutse ɗaya ne jal aka ware, jan dutse mai tsawon sama da mita uku da rabi, daban da sauran a launi da iri, aka kafa shi a wajen zoben ta kudu maso yamma. Wanda ya tsaya a tsakiya a ranar da ta fi kowace gajarta, wajen 21 ga Disamba, zai ga rana ta faɗa ta kansa. Wannan da gangan ne. Manomi ba ya bukatar dutse ya faɗa masa lokacin shuka, yana da tsuntsaye da ganye da sanyin ƙasa. Amma in za a tara mutane daga kwaruruka biyar ko shida ba waya ba wasiƙa, dole a samu ranar da kowa zai gane ba sai an aika masa ba.

Gatarin aradu

A nan zan daɗe, don nan ne zuciyar maganar. Kin san ɗan sulɓaɓɓen dutsen nan mai baki kamar na gatari da manoma kan tsinta a gona a ƙasar Hausa, a ce gatarin aradu ne, tsawa ce ta jefo shi? Kakata tana da guda a cikin wani tsohon kwando, ba ta bari mu taɓa. Turawan ƙauye ma haka suka ɗauke shi har ƙarnonin baya-bayan nan, suna ɓoye shi a rufin ɗaki don tsarin tsawa. A can da nan duk abu ɗaya ne: gatarin mutanen zamanin dutse. Kuma babbar maƙerar irin wannan gatari a duk Birtaniya tana kudu da Castlerigg, tafiyar yini guda a ƙafa, a Great Langdale.

Akwai wata jijiyar dutse mai launin kore-kore da toka-toka, tsohuwar tokar aman wuta da ta daskare, wadda ta ratsa ta ƙarƙashin ƙololuwar tsaunukan wurin. Tun wajen 4000 kafin haihuwar Annabi Isa mutane ke hawa Pike o' Stickle, tsauni mai mita 709, suna fasa ta. Tarin ɓaraguzan da ke zube a gangaren har yau, mafi yawansa sharar masu sassaƙa ce. A can sama suke fitar da fasalin gatarin sama-sama, su sauko da shi ƙasa inda ake da dutsen wasawa da ruwa, a goge shi har ya yi santsi. Na gwada wannan guga da hannuna a kan faffaɗan dutse da yashi. Bayan awa uku kafaɗata ta ƙage, tafina ya yi bororo, wurin da ya yi sheƙi bai fi faɗin babban yatsa ba. Tun ranar na daina kallon gatarin dutse a gidan tarihi kallon banza.

Waɗannan gatura sun yi tafiya. An tsince su da yawa a gabashin Ingila, musamman Lincolnshire, an tsamo su daga kogin Thames, an same su a ƙetaren teku a Ireland. A Ehenside Tarn da ke gaɓar yammacin Cumbria, lardin da Castlerigg yake, da aka janye ruwan wani ɗan tafki a 1869, an samu guda har da ƙotarsa ta itace. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wanda masana biyu, Richard Bradley da Mark Edmonds, suka nuna a bincikensu na shekarun 1980: akwai dutse mai kyau iri ɗaya a wuraren da ke da sauƙin isa, amma masu aikin suka riƙa zaɓar bakin gaɓa mai haɗari, inda santsi ɗaya ya isa ya kai mutum lahira. Wato darajar gatarin ba a kaifinsa kaɗai take ba, har da inda aka ciro shi. Da yawa ma an same su ba ko tabon sara a bakinsu. Kayan kyauta ne, na ƙulla aure, na biyan diyya, na nuna isa, wannan dai fassarata ce da ta masana da dama.

To dawo Castlerigg. Wanda ya taso daga Langdale ko Borrowdale da kayansa yana neman gabas, inda kwarin Eden da hanyoyin ƙetare tsaunukan Pennine suke, ta nan zai bi. Wanda ya taso daga gaɓar teku ta yamma, nan ma. Mahaɗa ce. An kuma tsinci gatura uku na dutse a cikin zoben ko kusa da shi a ƙarni na sha tara. Shi ya sa masana irin su Aubrey Burl suka karkata ga cewa manyan zobban Cumbria dandalin haɗuwa ne, inda ake musaya da biki da ibada a zama ɗaya. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda kasuwar ƙauye take: a nan ake ciniki, a nan ake sulhu, a nan ake ganin yarinyar da za a nema. Ƙofa mai faɗi da fili mai ɗaukar ɗaruruwan mutane sun fi kama da wurin taro fiye da maƙabarta.

Ga raunin wannan fassara, don kada in sayar miki da ita fiye da ƙimarta. Ganiyar aikin Langdale ta riga shekarar da ake ba Castlerigg da ƙarnoni. Ko dai zoben ya fi yadda ake zato tsufa, ko kuwa an kafa duwatsun ne a wurin da aka riga aka saba haɗuwa tun kaka da kakanni. Ni na fi karkata ga na biyu. Gatura uku kuma ba hujja ce mai yawa ba. Ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi da itace da fata, abin da ya rage mana kaɗan ne. Kwatanta da zobban Wassu a Gambiya da Sine Ngayène a Senegal, inda aka tona aka samu kaburbura ƙarara: can an san na matattu ne, kuma sun zo bayan na Cumbria da dubban shekaru. Kamannin zobe ba ya nufin manufa ɗaya.

Ƙasar da kanta

Tafkuna da tsaunukan wannan yanki, wanda ake kira Lake District, ƙanƙara ce ta sassaƙa su. Ta kwanta a tsakiyar yankin ta riƙa gangarowa ta kowace fuska tana ƙwaƙule kwaruruka, da ta narke sama da shekara dubu goma da suka wuce sai ruwa ya cika ramukan. In kin duba taswira za ki ga tafkunan sun bazu daga tsakiya kamar yatsun hannu. Windermere ya fi kowanne girma a Ingila, tsawonsa wajen kilomita 18. Wastwater ya fi kowanne zurfi, mita 79, a gindin Scafell Pike, wanda da mita 978 ɗinsa ya fi kowane tsauni a Ingila. An mai da yankin gandun ƙasa a 1951, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2017.

Amma tsaunukan da kika gani tsirara, ciyawa kawai, ba haka maginan suka gan su ba. Ƙurar furen da ta kwanta a lakar ƙasan tafkuna ta nuna daji ne ya rufe gangaren har can sama. Gatarin nan shi ya fara buɗe shi, tumaki suka ƙarasa cikin dubban shekaru. Tumakin da kika gani, in masu farar fuska ne da toka-tokan jiki, Herdwick ake kiransu. Ana sakinsu a tsauni ba shinge ba makiyayi, kowace tunkiya ta san yankin garkensu, ta koya wa ɗanta. Saboda haka yana yiwuwa Castlerigg ya fara ne a matsayin sarari a tsakiyar kurmi, mutum ya fito daga duhun itatuwa kwatsam ya ga sama ta buɗe.

Idan za ki koma

Ki koma, amma ki zaɓi lokaci. Shiga kyauta ne, ba ƙofa ba mai gadi, sai ɗan ƙyauren da za ki rufe bayanki saboda tumaki. Da rani tsakar rana motoci kan cika ɗan titin, har da mai sayar da askirim. Ki je da sassafe ko dab da faɗuwar rana, lokacin da inuwar duwatsun ke miƙewa a ciyawa. A watan Yuni rana kan kai kusan ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa kafin huɗu ta faɗi, sai ki lissafa sallolinki. Daga Carlisle jirgin ƙasa zai sauke ki Penrith, bas ya kai ki Keswick, sauran tafiyar ƙafa ce ta wajen minti arba'in, da hawa.

Ki duba hasashen yanayi, ki kuma ɗauki rigar ruwa ko da ya ce garau. Seathwaite da ke Borrowdale, nan kusa, na samun ruwan sama wajen milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na Kano. Wata shekara a Nuwamba na kai ɗalibai bayan na cika su da labarin zoben tsaunuka, muka tarar hazo ya sauko har dutsen da ke ɗaya gefen ba a gani. Na tsaya ina nuna musu farin banza ina cewa nan Blencathra yake. Har yau suna yi mini tsiya da shi.

Yara kuwa Long Meg za su fi so. Zoben ya haura mita ɗari a tsawonsa, har hanyar gona ta ratsa ta cikinsa, a jikin jan dutsen kuma akwai zanen da'irori da murɗaɗɗun layuka da aka ƙwaƙule, waɗanda suka fi fitowa in hasken rana ya zo ta gefe. Tatsuniyar wurin ta ce mayu ne wani boka ya mai da su duwatsu, kuma ba mai ƙirga su sau biyu ya samu adadi ɗaya. Ki sa su ƙirga. Littattafai ma ba su daidaita ba, wasu 59 wasu sun haura 60, don da yawa sun faɗi sun nutse a ciyawa.

Wanda na fi so ni kaina Swinside ne, can kudu maso yamma kusa da Broughton-in-Furness. Duwatsu 55 ne, a matse da juna kamar haƙora, da ƙofarsu ta kudu maso gabas. Mutanen wurin na kiransa Sunkenkirk, wai coci aka so ginawa, Shaiɗan ya riƙa nutsar da duwatsun cikin dare. An tona shi a 1901, aka samu ɗan gawayi da guntun ƙonannen ƙashi. Mota ba ta isa, sai an ajiye ta a bakin titi a taka fiye da kilomita ɗaya a hanyar gona, filin kuma na manomi ne, don haka a bi hanya, a bar shingen dutse yadda aka same shi. Sau da yawa na je ban tarar da kowa ba sai shanu. Hawan Pike o' Stickle kuwa kada ki kai ƙananan yara. Ku tsaya a ƙasan kwarin Langdale ku ɗaga kai, za ku ga farin zubin ɓaraguzai ya gangaro ta gefen ƙololuwar. In wani ya tsinci guntun koren dutse a hanya, ya duba ya mayar inda yake.